Ƙas-ƙas a ƙaramin gudu: bin sawun ƙara a motocin gudu

Shugaban taro, iyayenmu ogannin gareji, 'yan'uwa makanikai, masu sayar da kayan gyara, da masu motoci da suka zo su ji abin da muke faɗa a bayan idonsu, barkanmu da war haka.

An ce in yi magana a kan wata 'yar ƙara da ke hana masu motocin gudu barci. Ina nufin motoci irin su BMW M3, Mercedes AMG, Porsche, Nissan 350Z da 'yar'uwarta Infiniti G35, har da Golf GTI. A kan babban titi motar lafiya lau take, ba ka jin komai sai kukan inji. Amma da zarar an shigo layi, ko ana fitowa daga gida da ribas, ko ana lallaɓawa cikin cunkoso, sai ka ji ƙas, ƙas, ƙas. Mai mota ya kawo ta gareji ransa a ɓace, ya ce a jona mata kwamfuta. A jona, kwamfuta ta ce babu komai. Gaskiyarta, domin ita waya da sensa take karantawa, ba ta jin ƙarfe yana taɓa ƙarfe. Daga nan sai a shiga canki-canka: yau a sauya shaf, gobe boris, jibi shakazoba. A Corolla ana iya wannan caca a sha, tunda kayanta na nan birjik a Ƙofar Ruwa da Panteka. A M3 kuwa, kaya ɗaya da ka sauya a banza ya isa ya raba ka da mai motar har abada.

Mu fara da dalilin da ya sa sai a ƙaramin gudu ake jin ta, domin lissafin nan shi ne rabin aikin. Ɗauki taya mai lamba 245/40 R18, irin wadda ake yawan gani a motocin nan. Kewayenta mita 2 ne da ɗan ɗoriya. Idan mota na tafiyar kilomita 10 a awa, tayar tana juyawa sau ɗaya da ɗan kai a kowace daƙiƙa. A kilomita 20, kusan sau 3. A kilomita 100 kuwa ta wuce sau 13 a daƙiƙa. Abin da ke bugawa sau ɗaya a kowane juyi, a kilomita 10 kunne zai ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya; a kilomita 100 ya haɗe ya zama gunji, iska da kwalta da salansa sun rufe shi. Ke nan sau da yawa ƙarar ba ta tafi ko'ina ba, kunne ne ya daina rarrabe ta. Saboda haka idan mai mota ya ce maka ai tana ɗaukewa in ya taka, kada ka ɗauki wannan a matsayin shaidar lafiya.

Abin da na zo in tsaya a kai shi ne wannan: ƙas-ƙas kamar kiɗa take, akwai mai kaɗa ta, kuma tana bin hannunsa. Kafin ka ɗauki sifana, gano wanda take bi. Juyin taya take bi, ko juyin inji? Ko kuwa ba ta bin juyin komai, sai lokacin da nauyi ya sauya, wato an taka totur, an taka birki, an murza sitiyari? Wannan tambayar ba ta cin ko sisi, kuma a mota ake amsa ta, ba a bakin mai mota ba.

Gwajin farko mai sauƙi ne. Tsaya cak, inji na silo, ka saurara. Ka ɗan ba ta wuta. In ƙarar tana nan mota a tsaye, tana kuma ƙara sauri da wutar da ka bayar, ka rabu da ƙafafun mota, magana a inji take. A nan ma kada ka yi gaggawa. Motocin gudu da dama na bayan 2006, irin su BMW 335i mai inji N54 da Golf GTI, suna fesa fetur kai tsaye cikin silinda da matsi mai tsananin gaske. Nozul ɗinsu da famfon mai suna yin tik-tik mai sauri, har wani ya rantse dizal ce. Haka aka ƙera su. Shi ya sa kamfani ke lulluɓe famfon da soso, ya kuma sa wa injin murfi mai kauri. In wani yaro ya cire soson ya jefar don ya ga ba ya aikin komai, ƙarar za ta fito fili. Doguwar sukundireba ta isa: kai ɗaya a jikin famfon, marikin a kunnenka. Tik-tik ɗin tafet da na salansa mai yoyo a bakin inji suna da nasu zance, ba yau ba.

In a tsaye shiru ne, to ja motar. Samu wuri shimfiɗaɗɗe marar mutane, ka kai kilomita 15 ko 20, ka sa ta a firi ta gangara da kanta. Ƙarar da ta ci gaba, tana raguwa daidai da yadda mota ke raguwa, ta masu juyawa da taya ce. Yanzu ƙirga. Sa alli a gefen taya, yaronka ya bi motar a ƙafa yana kallo yana saurare. Bugu ɗaya a juyi ɗaya, abin yana jikin taya, wili, faifan birki ko shaf. In kuwa bugun ya ninka juyin taya sau uku da wani abu, ɗaga kanka zuwa farfela, domin ita tana juyawa fiye da taya gwargwadon giyar aksul ɗin baya. A 350Z mai giyar hannu, wajen sau 3.5 ne. A BMW, nan ne za ka duba robar nan mai kusoshi da ke haɗa giya da farfela, da boris ɗin tsakiya, da garkuwar zafi ta salansa da ta lanƙwashe tana shafar farfelar.

Bugu ɗaya a juyi ɗaya, fara da abin kunya. Tsakuwa a zanen taya. Ƙusa ko sukuru da ya shige, kansa na dukan kwalta. Tayoyin motocin nan faɗi gare su, robarsu kuma taushi, in ta yi zafi tana kwasar tsakuwa kamar da gangan. Sai tsakuwar da ta maƙale tsakanin faifan birki da siririn kwanon da ke bayansa. Tazarar wurin kaɗan ce a mota mai manyan birki, kuma hanyoyinmu ba su rasa tsakuwa. Sai dalmar balansin da mai faci ya liƙa a cikin wili, tana shafar kalifa duk juyi, domin tsakanin babbar kalifa da wili wani lokaci ko ɗan yatsa ba ya shiga. Haska tocila ka ga ko akwai wani layi mai sheƙi a jikin kalifar. Ƙarfen da ke shafar ƙarfe ba ya ɓoye sawunsa.

Sai notin taya, kuma a nan ina so mu ɗan daɗe, domin cikin duk abin da zan faɗa yau shi ne mai kisa. Wili da ya yi sako-sako yana fara magana da ƙas-ƙas a ƙaramin gudu tun kafin sitiyari ya fara rawa. Mu kuma mun saba da abu biyu: ko bindigar iska, ko yaro ya hau kan wilsifana ya yi tsalle. Duka biyun ba awo ba ne. Tsofaffin BMW irin E46 da E90 ana ɗaure kusoshin tayarsu a 120 Nm, waɗanda suka biyo bayansu a 140. Porsche 911 GT3 mai noti ɗaya a tsakiyar wili, 600 Nm take so, da wani man shafawa na musamman a bakin notin, kuma motar tana ɗage ba taya a ƙasa ba. Wanda ba shi da sifana mai awo bai kamata ya taɓa irin wannan wili ba. Har wa yau, ko noti ya ɗauru daidai, in akwai tsatsa ko ƙasa tsakanin bayan wili da fuskar hob, wilin ba ya zama daram, yana ɗan motsin da ido ba ya gani amma kunne na ji, musamman a kwana. Cire taya, goge fuskokin biyu da burushin waya har su yi fes, mayar, ɗaure da awo bi da bi a gicciye. Motoci da dama a nan maganarsu ke ƙarewa. Wilin kasuwa da ramin tsakiyarsa ya fi hob faɗi, da sifesa da samari ke sawa don taya ta fito waje, duk suna ƙara wannan matsalar.

Yanzu ga inda sabo ke yi mana illa. Duk wanda ya koyi aiki a kan Golf, Civic da Corolla, da ya ji ƙas-ƙas a kwana bakinsa zai ce shaf ne. A waɗancan motocin yana da gaskiya. Kan shaf na waje, wanda wani injiniyan kamfanin Ford mai suna Alfred Rzeppa ya ƙirƙiro a shekarun 1920, ƙwallaye shida ne cikin keji suna gudu a kwaroro. Robar da ke rufe shi ta yage, giris ya fice, ƙurar hunturu ta shiga ta cinye kwaroron, sai ƙwallayen su riƙa faɗawa rami duk lokacin da aka murza sitiyari aka ba da wuta. A GTI, ko motoci masu ja da ƙafa huɗu irin su Subaru WRX da Audi quattro, wannan zargi yana nan daram, kuma gwajinsa sananne ne: murza sitiyari har ƙarshe, zagaya a hankali, gaba da ribas, hagu da dama. Amma 350Z, da yawancin M3, G35 da tsofaffin AMG, da ƙafar baya suke ja. Babu shaf a gabansu ko kaɗan. Shaf ɗinsu na baya kuma ba ya lanƙwasa da sitiyari. Sau nawa aka aika mai irin wannan mota kasuwa neman kayan da ba a ƙera motarsa da shi ba?

Wannan ya kawo mu ga ƙarar da ba ta bin juyi, wadda ke zuwa sau ɗaya ko biyu lokacin da nauyi ya sauya. Misalin da ya fi kowane fito da ita shi ne Nissan 350Z, wadda ta fito a 2002, da Infiniti G35 da suke kan ƙashi ɗaya. Mai motar zai ce maka: in na tashi daga tsaye, ƙas daga baya, in na sa ribas, ƙas, in na saki totur na sake takawa a cunkoso, ƙas. A tafiya miƙaƙƙiya kuwa shiru. Abin da ke faruwa shi ne, bakin shaf na baya yana da haƙora da ke shiga cikin hob, babban noti ɗaya ya matse su, kafaɗar shaf ɗin ta jingina da bayan hob. In wurin jinginar ya bushe, ƙarafan biyu sai su manne. Ƙarfin inji ya murɗa shaf, su riƙe, su riƙe, sannan su zame lokaci guda da ɗan motsin da bai kai kaurin gashi ba. Wannan zamewar ce ƙas ɗin. Ka juya ƙarfin ta hanyar sa ribas, su zame su koma. Kamfanin Nissan da kansa ya fitar wa garejojinsa takardar gyara a kan haka, kuma ba sabon shaf ta ce a sa ba. A zare shaf daga hob, a wanke fuskar, a shafa giris mai molibdenam, Molykote M77, a sa sabon noti, a ɗaure da awo. Giris ɗin da bai cika cokali ba. Wanda bai san wannan ba zai sayo shaf ɗan Beljiyam, ya ɗaura shi a bushe, bayan 'yan makonni motar ta dawo da ƙas ɗinta, a ce kayan ne ba kyau. Har 370Z, magajiyar 350Z, an san ta da wannan hali.

Gwajin irin wannan ƙara ba ya buƙatar titi. Mutum ɗaya a ciki yana sa giyar gaba da ribas yana ɗan motsa motar taku ɗaya, wani a tsugune a gefe, ba a gaba ko baya ba, kunnensa kusa da tayar baya. In ƙarar daga tsakiyar wili take fitowa, ka samu. In ta fi zurfi, gwaf maimakon ƙas, koma kan bushin aksul da na ƙashin da ke riƙe shi.

Birki ma yana da irin tasa. Manyan kalifa na Brembo masu fistin huɗu ko shida ba sa zamewa kamar na ƙananan motoci, fad ne ke zaune a cikinsu da 'yar tazara a sama da ƙasa don in ya yi zafi ya samu wurin buɗewa. Ka taka birki kana gaba, fad ya matsa gefe ɗaya. Ka taka kana ribas, ya koma ɗaya gefen, ƙas. Sau ɗaya a kowane sauyi. In sifirin da ke danne fad ɗin ya gaji, ko an manta ba a mayar ba, ko fad ɗin na kasuwa ne da bai cika ramin ba, sai ya riƙa kaɗawa a gargada. Alamarsa ba ta ɓuya: ɗora ƙafa kaɗan a kan birki kana tafiya, ƙarar ta ɗauke. Duk ƙarar da taɓa birki ke kashewa, a birki za ka neme ta, ko a boris da ya fara wasa.

Akwai kuma faifan birki mai gida biyu, zoben ƙarfe a waje, hular alminiyam a tsakiya, wasu 'yan maɓallai sun haɗa su. A filin tsere zoben kan wuce digiri 500, yana buɗewa fiye da hular, don haka da gangan aka bar masa wurin motsi kada ya karkace ko ya tsage. In yana da sanyi, a ƙaramin gudu, wasu irinsa suna ɗan ƙyas-ƙyas. Ba lalacewa ba ce. Kada wani ya ce zai matse maɓallan ko ya kai wa mai walda. Nissan GT-R, wadda ke da irin wannan birki, littafinta na mai mota ya keɓe wuri yana bayanin ƙararrakin da ba matsala ba ne. Littattafan nan suna cikin akwatin gaban mota, galibi ba a taɓa buɗe su ba tun daga Kwatano.

Aksul ɗin baya na motocin gudu shi ma daban yake. A mota ta yau da kullum, in taya ɗaya ta samu santsi sai ta yi ta juyawa ita kaɗai. A M3 da irinta akwai faya-fayan kuloci a cikin aksul da ke hana hakan. Amma a matsattsiyar kwana dole tayar waje ta fi ta ciki juyawa, dole faya-fayan su zame a kan juna. In man ya tsufa, ko an zuba man giya na gama-gari, sai su riƙa kamawa suna saki: gurnani ko kaf-kaf daga baya, a kwana kawai, a hankali kawai, kamar wajen fakin. An san M3 samfurin E46, na 2000 zuwa 2006, da wannan. Maganin farko mai ne, 75W-140 mai sinadarin rage kamun faya-fayan, sannan a je fili a yi ta zagaye hagu da dama don man ya ratsa su. Kada a buɗe aksul kafin a gwada wannan.

A nan zan ja kunnen yaranmu. Mun saba ɗage taya ɗaya da jak, mu sa giya, mu bar ta tana juyawa muna saurare. A mota mai irin wannan aksul, ƙarfin zai tafi tayar da ke ƙasa, motar ta sauko daga jak ta yi gaba da duk wanda ke wurin. In za a juya ƙafafu da inji, duk masu ja su bar ƙasa, a kan lif ko ƙafafun ƙarfe masu kyau, ba bulo ba.

Wani abin da ke kama da kaf-kaf ɗin aksul amma daga gaba: da sanyin asuba, an murza sitiyari har ƙarshe ana fitowa daga gida, sai tayoyin gaba su riƙa tsalle-tsalle, ɗaf-ɗaf, kamar wani abu ya karye. Masu Porsche da Corvette sun san shi. Faffaɗar taya ce mai sanyi, kusurwar da aka tsara wa ƙafafun don gudu ba ta dace da irin wannan matsattsiyar kwana ba, sai robar ta riƙa ja tana saki. Taya ta ɗumama, ko a ɗan sassauta sitiyari, ya wuce. Haka nan ƙas ɗaya tak da ake ji jim kaɗan bayan tashi da safe, ba ta sake dawowa sai an kashe mota an kunna: ABS ne ke gwada kansa, ko makullin ƙofa ne ya faɗa. Motar da aka sauya wa shakazoba da na tsere, masu ƙwallon ƙarfe a madadin roba, ita kam mai ita ya sayi ƙararsa da kuɗinsa. Duba linkej da mazaunin sifirin, ka wanke ƙura, sauran sai haƙuri.

Kunne a cikin mota maƙaryaci ne. Ƙarfen jiki yana ɗaukar ƙarar baya ya kai ta gaba, ta hagu ya kai dama. Sauke gilashi ka bi gefen doguwar katanga, ita za ta dawo maka da sautin, ka juyo ka bi da ɗaya gefen ka gwada. Akwai na'ura mai 'yan makirfo da ake maƙalawa a wurare daban-daban ƙarƙashin mota ana sauraronsu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba shi da ita, tsohuwar waya da salatif sun isa, a ɗaure ta kusa da kowace ƙafa nesa da abin da ke juyawa, a naɗi sauti, a kwatanta. Kuma in ka fara taɓawa, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ka musanya tayar hagu da ta dama, in zanensu ya yarda, ka ga ko ƙarar ta bi ta. Ka kwance linkej ka ɗaure shi gefe, ka zagaya. Wanda ya sauya abu uku rana ɗaya, ko ƙarar ta tafi bai san me ya gyara ba, mota ta gaba kuma zai sake sayen ukun.

Masu motoci, ku ma da naku. In za ku kawo mota, ku zo da labarin da ake iya aiki da shi: da sanyi ne ko ta yi zafi, a miƙe ko a kwana, ƙafa na kan totur ko birki, kuma wane aiki aka yi mata na ƙarshe, domin ƙarar da ta fara washegarin zuwa wurin mai faci ta riga ta faɗi inda za a duba. In ƙas-ƙas ɗin tana bin juyin taya kuma tana ƙaruwa kullum, ko sitiyari ya fara rawa, ko birki ya sauya taku, ko wili ɗaya ya fi sauran zafi bayan 'yar tafiya, a ajiye motar a kira makanike ya same ta a inda take. In kuwa sau ɗaya take yi wajen sa ribas, an kuma auna notin taya an duba birki, ana iya hawa har ranar da aka samu lokacin gyara.

Na ga shugaban taro yana duba agogo, kuma akwai G35 da aka ajiye mana a waje don gwaji. Masu tambaya su fara, sannan mu fita mu saurare ta.